Jama'a me za mu kira gross motor skills da fine motor skills da Hausa?

Malamar nazare: Salam 'yan uwa, a taimaka. Ina rubuta wa iyaye takarda kan wasannin motsi na yara 'yan shekara 3 zuwa 5, da na zo kan kalmomin nan biyu sai na tsaya cak. Ta farko ita ce gudu, tsalle, hawa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, cafe ƙwallo. Ta biyu kuma riƙe fensir, yanka takarda da almakashi, ɓalle maɓalli.

Wani ɗan'uwa: ƙwarewar mota 😂 wallahi na taɓa ganin an rubuta haka, sai ka ce yaron direba zai zama

Mai fassara: Haba dai. Motor ɗin nan motsi take nufi, ba ruwanta da mota. Malama ki sa babban motsi da ƙaramin motsi kawai.

Malamar nazare: Na so hakan, to amma iyaye za su ɗauka ƙaramin motsi shi ne yaro ya ɗan motsa kaɗan, kuma in na ce motsa jiki sai a tafi can wajen atisaye.

Likitan fisiyo (mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi): Gaskiyarki Malama, kuma akwai abin da ya faɗi a hanya wato skill ɗin, ƙwarewar ke nan, don ai jariri ma yana motsi tun ranar haihuwa, abin da ake nema shi ne ya iya juya jikinsa yadda yake so. Shi ya sa ni na fi son sarrafa. Sarrafa manyan gaɓoɓi, sarrafa ƙananan gaɓoɓi. Kuma don Allah ki nuna musu ɗaya kan ɗaya yake hawa, sai gangar jiki da kafaɗa sun yi ƙwari sannan yatsu ke samun natsuwar rubutu, yaron da ake tilasta wa zama da fensir tun safe alhali bai ƙoshi da rarrafe da lilo da hawa ba wahala kawai yake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idarta ta 2019 cewa ta yi 'yan shekara 3 zuwa 4 su samu aƙalla minti 180 na motsi kullum, 60 daga ciki na wasa mai sa haki.

Mai fassara: Ya yi tsawo likita, wa zai faɗi wannan a bakin aji? Sarrafa jiki da sarrafa yatsu fa?

Likitan fisiyo: Wuyan hannu da haɗin ido da hannu suna ciki fa, ba yatsu kaɗai ba. Amma a magana ya wuce.

Malamar nazare: To shi ke nan, a takarda zan sa sarrafa manyan gaɓoɓi da sarrafa ƙananan gaɓoɓi tare da misalai, a baki kuma jiki da yatsu. Saura balance, daidaita tsayuwa ya yi ko da mai wata?