Kuɗin wata na 13: ku mi kuka yi da naku?

Mai tambaya, unguwar Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Bana ne karon farko da kamfanin da nake ma aiki zai ba ni kuɗin ƙarshen shekara, wanda ake ce ma wata na 13. Jika 140 ne. Ba su shigo hannu ba tukuna, amma a baki an riga an cinye su sau uku: moto na son taya, ƙanena zai yi aure bayan 18 ga Disamba, uwargida kuma ta kawo maganar anko. Waɗanda suka riga ni, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi.

Direban wata ƙungiya, unguwar Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarar farko da na samu, waya na canza, na yanka ɗan akuya daren bon ane, na yi ta rabo kamar ɗan siyasa. Kafin Fabrairu ya ƙare sunana ya koma littafin bashin mai butik. Tun daga nan na ɗauki dabarar tsohona. Ranar da kuɗi suka shigo, rabi na hatsi ne. Disamba kaka ba ta yi nisa ba, manoma na fitar da gero don biki da biyan bashi, tiya na da sauƙi. Ka bari sai Yuni ko Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa ana shuka, ka ji yadda ake faɗin kuɗinta. Ni kasuwar ƙauye nake zuwa wajen Madarumfa, a auna a gabana, tiya 40 buhu guda. Buhu 3 na kai gidana har sabon gero in an haɗa da ɗan shinkafa. Abin da ya fi yi mini daɗi ma, kuɗin da suka zama hatsi ba mai zuwa rance. In ɗan uwa ya zo da kuka ka auna mashi tiya biyu, ya tafi yana sa albarka.

Malamin lakwal, ɗan kwantaragi: Wata na 13? Mu na 12 ɗin ma muna jiran shi. Allah ya sa alheri, muna saurare.

Ma'aikaciyar wani kyamis, Sabon Gari: Ɗan uwa, kuskuren farko ka riga ka yi shi, ka faɗi adadin a gida. Ni ko maigidana ya san an ba ni, bai san nawa ba. Abin da nake fara cirewa kuɗin lakwal ne, don da an koma hutu a Janairu za a fara koro yara saboda kashi na biyu. Sauran na sayi jar akuya bara na kai ma innata ƙauye, yanzu sun zama uku. Anko kuwa, gaskiya kada ka hana ta. Ranar biki ita za a kalla, ba kai ba. Ka ba ta kuɗin turmi ɗaya, ɗinki ta nema a adashenta.

Wani daga Bagalam: Shawarar hatsi ta yi, amma a yi hattara da wake. Na zuba jika 60 a wake don in saida da tsada, na aje a buhun banza cikin ɗakin girki. Da na buɗe a watan Afrilu rabi gari ne, ƙwari sun gama aiki. In za ka aje wake nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki, ka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga sai ƙwarin su mutu. Kuma kada ka aje a ƙasa, ɓera na huda shi.

Wata Hajiya, Maradawa: Ɗana, duk na ji ana ta lissafin buhu, ba wanda ya tsaya kan auren ƙanenka. Gero ana saye kowace shekara. Ka kai gudummawarka da wuri, hannun mahaifiyarku, kafin kowa ya roƙe ka. Jika 30 da aka kai tun ba a tambaya ba sun fi 50 da aka bayar bayan an yi gori. Kuma kada ka manta azumi na bayan sanyin nan, sukari da mai ba jira suke ba.

Direban: Hajiya gaskiya ne. Amma ya yanke adadin tun yau, don biki ba ya ƙoshi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na zauna na rubuta: 60 gero, 30 wajen Inna, 20 anko da takalman yara, 15 taya, 15 na bari a Nita, kamfanin aika kuɗi, don sukarin azumi. Wake na fasa. Saura in san yadda zan gaya ma ƙanen nawa, don shi tun jiya ya aiko cewa katifa ce kasona.