Waɗanda suka zaga Hong Kong a ƙafa, ku ba mu labari

Baban Sadiq: Assalamu alaikum. Zan yada zango a Hong Kong kafin na wuce Guangzhou sayen kaya. Garin yana zaguwa a ƙafa, ko sai an hau mota?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙafa ta fi, amma ka fara daga ɓangaren Kowloon, nan ne ƙasa take a shimfiɗe. Ni Chungking Mansions na sauka a titin Nathan, benen da 'yan kasuwar Afirka da Indiyawa da 'yan Pakistan suka cika. Ɗakin ƙanƙane ne, idan ka buɗe akwati ba wurin shimfiɗa sallaya. Sai dai daga ƙofar, tafiyar 'yan mintuna ce zuwa babban Masallacin Kowloon, gefen Kowloon Park. Ka gangara titin Nathan kuma, za ka ɓulla bakin ruwa a Tsim Sha Tsui. Lokacin da na je, ƙarfe 8 na dare ake wasan fitilu a dogayen benayen da ke tsallaken ruwa, kallo kyauta.

Maman Ikram: Yaya Alhaji, tsallaken ne aiki, don garin a jikin dutse aka kafa shi. Ka hau jirgin ruwan Star Ferry zuwa unguwar Central da ke tsallaken, kamar minti goma, kuɗin ma ba abin faɗa ba ne. A Central akwai matakala mai tafiya da kanta, tsawonta ya kai mita 800, tun 1993 take aiki. Abin da ba a faɗa wa baƙo: da safe gangarowa take yi don masu zuwa aiki, sai bayan ƙarfe goma ta juya sama. Mu da muka yi sammako da ƙafa muka hau, gwiwata har yau tana tuna min. A hanya za ka ga Masallacin Jamia a titin Shelley, tsohon masallaci kore, ga sanyin bishiyoyi.

Ɗan Kwari: Hajiya ta tuna min. Hannun hagu suke tuƙi, ka fara duba dama kafin ka tsallaka titi. Suna ma rubuta shi a kan kwalta.

Malam Na-Damagaram: Ni a watan Yuli na je, kuma ban ba kowa wannan shawara ba. Zafin Damagaram busasshe ne, nasu kuwa gumi ne mai manne riga. Nuwamba zuwa Janairu ya fi. Idan ƙafa ta gaji, ga taragon da suke kira ding ding, mai hawa biyu, yana yawo tun 1904. Ka sayi katin Octopus, shi ke biyan tarago da jirgin ƙasa da jirgin ruwa.

Baban Sadiq: Na gode. Abinci fa? Naman alade nake tsoro.

Maman Ikram: Ka je Masallacin Ammar a Wan Chai, akwai wurin cin abinci na halal a hawa na biyar, dim sum ɗinsu, wato ƙananan kayan ci da akan turara, na Sinawa ne sak. Ranar Juma'a ka je da wuri, ana cika.