Wace kalma ce ta dace: jinyar gida ko ɗaukin jinya?

Jama'a, kalma nake nema. A Ingila akwai tsarin da suke kira "crisis resolution and home treatment". Idan ciwon taɓin hankali ya tasar wa mutum, maimakon a ba shi gado a asibiti, sai likita da ma'aikatan jinya su riƙa zuwa har gida, wani lokaci sau biyu a yini, kuma ko tsakar dare aka buga waya akwai mai ɗagawa. Su ba da magani, su zauna da iyali, har ciwon ya lafa cikin 'yan makonni. Wanda suka ga zai yi wa kansa ko wani lahani, su ne za su ce a kwantar da shi. A shekarar 2000 gwamnatin can ta tsara kafa irin wannan ayari har 335.

Ga dalilina. Lokacin da ciwon ƙanena ya motsa a Argungu, kwana uku bai runtsa ba. Inna ta kwashe wuƙaƙe da taɓarya ta kai maƙwabta. Da asuba muka yi shatar mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, mutum biyu na riƙe da shi, yana ta tambayata, "Yaya, laifin me na yi?" Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Amma har yau ina tunanin da a ce likitan ne ya zo ya same shi a kan tabarmarsa.

Da na tambayi mutane sunan da za a sa wa wannan tsari da Hausa, da yawa sun ce "jinyar gida". Ban yarda ba. A wurinmu jinyar gida ita ce wadda ba likita a ciki: rubutu, hayaƙi, in abin ya ƙi a kulle ɗaki, wani ma a sa masa mari. Ka ce wa uwa a yi jinyar gida, ji za ta yi an sallame ta da ɗanta.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Gusau ta kawo "asibitin tafi-da-gidanka". Hajiya, na gode, sai dai wannan mota ce da ke zuwa ƙauye ta duba jama'a ta wuce.

Wani dattijo daga Yauri ne ya ce, "Ɗiyana, in kwalekwale ya kife, ɗauki ake kaiwa." Nan na tsaya. Ɗauki akwai gaggawa a ciki, masu ƙarfi ne ke zuwa inda kake, kuma ba wanda ke jin kunya don an kawo masa ɗauki. Shi ya sa na zaɓi "ɗaukin jinya har gida", a taƙaice "ɗaukin jinya", ma'aikatan kuma "'yan ɗauki".

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya riƙa sauke marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna karɓar magani daga can. Ga kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Masu bayaninta a rediyo za su buƙaci kalma.

Ma'aikatan lafiya na Birnin Kebbi da Gusau, ku gwada faɗin "a kira 'yan ɗauki" a gaban dangin marar lafiya, ku gaya mini abin da suka fahimta.