Za mu Dakar da Hajiyata: mu kwana a tsibirin Gore ko mu je mu dawo?

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'a. In Allah Ya yarda a watan Disamba za mu Dakar bikin ƙanin maigidana, ni da yara biyu da Hajiyata. Bayan biki Litinin da Talata ne kawai suka rage mana, yaran kuma sun ƙwallafa rai sai sun ga tsibirin Gore. Damuwata Hajiya ce: ta haura 70, gwiwa na damunta, ba ta kuma taɓa shiga jirgin ruwa ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah, za ta iya shiga jirgin da sauka? Kuma ya fi mu kama ɗaki mu kwana a can ta huta, ko mu je da safe mu dawo da la'asar?

Ɗan Baiwa: Wa alaikumus salam. Kai, Gore! Ku tabbata kun hau Kastel, tudun nan na ƙarshen tsibirin inda Faransawa suka bar manyan bindigoginsu. Daga can Dakar gaba ɗaya a tafin hannunki take.

Anti Bilki: Masha Allah, Allah Ya sa alheri a bikin. Kada ki dawo ba ki sayi zanen da suke yi da yashi kala-kala ba.

Malam Na Madina: Maman Walid, kada ku je ran Litinin, Gidan Bayi, gidan tarihi inda aka tsare bayi a da, a rufe yake ranar, kuma shi ne abin da yaran za su gani. Ku bari sai Talata. Kowa ya riƙe fasfo ɗinsa a hannu, ana dubawa kafin a sayar da tikiti. Tafiyar kamar minti 20 ce daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, nisan bai wuce kilomita 3 ba. Tsibirin kansa tsawonsa kimanin mita 900 ne, amma ki sani babu mota ko ɗaya a cikinsa, duk inda za a je da ƙafa ne, hanyoyin kuma yashi ne da duwatsu.

Baban Husna: Kwana? Ƙanwata, ki ji tsoron Allah ki tausaya wa tsohuwar nan. Bari in ba ki labarina. Ni da uwargida muka ce bari mu kwana a can mu ga yadda wurin yake in baƙi sun watse. Wani ya haɗa ni da mai wani gidan saukar baƙi, muka yi magana ta waya, ya ce in tura kafin alƙalami, na tura sefa 15,000. Muka hau jirgin yamma da kayanmu. Muna isa yaron gidan ya kalle mu sama da ƙasa ya ce ɗaki babu, wasu Turawa sun ƙara kwana. Na kira maigidan, waya a kashe. Yaron Wolof da Faransanci yake ji, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Muka yi ta jan akwati cikin yashi, tayarsa ta karye, na ɗora shi a ka ina yawo lungu-lungu da furfurata. Can wata mata ta ce tana da ɗaki, sefa 30,000, ba ragi. Muka shiga, famfo ba ruwa, sai bokiti ɗaya da aka ajiye mana, da shi za mu yi alwala da wanka da komai. Sauro kuwa ba a magana. Uwargida ba ta ce min uffan ba har gari ya waye, wanda ya yi aure ya san abin da wannan ke nufi. Da safe na koma neman kuɗina, maigidan ya fito yana murmushi wai in dawo wani mako ya ba ni ɗaki. Allah Ya isa, ban yafe ba.

Ɗan Baiwa: Alhaji, da akwati a ka? Ina ma akwai hoto.

Malam Na Madina: Alhaji, ai akwai jirgin dare. Me ya hana ku komawa Dakar ku kwana?

Baban Husna: Wa zai gaya min? Na tambayi wani saurayi a bakin ruwa ya ce jirgi ya ƙare. Daga baya na gane ɗan matar mai ɗakin ne.

Uwar Biyu: Innalillahi. Ni kuwa mun kwana lafiya lau, sefa 20,000 har da karin kumallo. Bayan jirgin yamma ya kwashe mutane wurin ya yi tsit, muka yi magariba a tsohon masallacin dutse da ke gindin Kastel. Alhaji dai bai yi sa'a ba ne.

Baban Husna: Sa'a? Kuɗina ne sa'ar?

Maman Walid: Allah Ya mayar maka da alheri, Alhaji. To shigar jirgin fa? Akwai matakala mai tsawo?

Sarkin Tsoro: Ni dai ruwan da ya wuce na bokiti ba ni da harka da shi. Kun manta jirgin ruwan Joola da ya kife? Na Senegal ne fa, 26 ga Satumba 2002, mutum fiye da 1,800 suka rasu.

Malam Na Madina: Haba bawan Allah, baiwar Allah tana neman ƙwarin gwiwa kana kawo mata wannan. Joola daga Ziguinchor ya taso, tafiyar dare ce a buɗaɗɗen teku, ya kife a gaɓar Gambiya da lodin da ya ninka ƙa'idarsa. Jirgin Gore kuwa tun kafin ka gyara zama kana hango inda za ka sauka. Ma'aikata da 'yan makaranta kullum a cikinsa suke kai da komo. Abin da kawai zan ce, a Disamba akwai iska, Hajiya ta zauna a ƙasa, a ciki, kada a hau da ita bene.

Anti Bilki: Nawa ne tikitin yanzu? Ni 5,200 na biya, zuwa da dawowa.

Uwar Biyu: Anti, an cuce ki. Ni 2,700 na biya.

Ɗan Baiwa: Ku duka an cuce ku, abokina 1,500 ya biya a gabana.

Malam Na Madina: Ba wanda aka cuta. Farashi uku ne: mazauna Senegal, sauran 'yan Afirka, sai waɗanda suka zo daga wajen Afirka. Anti, wane fasfo kika nuna?

Anti Bilki: Na Ingila, shi ne a jakata ranar.

Ɗan Baiwa: To Baturiya, kin ga amfanin koren fasfo yau.

Baban Husna: Ba ku faɗi harajin da ake karɓa in an sauka ba, lokacin da na je 500 ne kowane kai. Ga 'yan rakiya, wani ya manne min ya ce 10,000 ko in ƙi fahimtar komai.

Malam Na Madina: Ba dole ba ne ɗan rakiya. A Gidan Bayi akwai mai bayani na gidan. An gina shi wajen 1776, kuma tun 1978 UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗakunan da aka tsare mutane da ƙofar nan mai kallon teku duk a ƙasa suke, Hajiya ba ta buƙatar hawa benen. Kuma ba shi da nisa da inda jirgi ke tsayawa.

Baban Husna: Malam, kai fa zaman Dakar ka yi, ka iya yarensu, ba wanda zai yi maka wayo. Ita baƙuwa ce kamar ni. Shawarar baƙo ita ce za ta yi mata amfani.

Malam Na Madina: Alhaji, dare ɗaya da ya ɓaci ba ya mai da mutum masanin tsibiri.

Uwar Biyu: Ku duka maza ne, ba wanda ya taɓa jan tsohuwa da yara a tafiya. Maman Walid, ki tambaye ni.

Ɗan Baiwa: Obama ma ya je a 2013 bai kwana ba. Ku yi koyi da manya.

Maman Walid: To Yaya, ina jin ki.

Uwar Biyu: Abu na farko, ki shirya wa 'yan tasi. Su ne bala'in, ba jirgin ruwa ba. Filin jirgin Blaise Diagne yana wajen gari, kusan kilomita 50, ba mita a motocin, sai ciniki. Mun daidaita da direba, muna zuwa wurin biyan kuɗin babbar hanya ya miƙo min hannu wai ni zan biya.

Anti Bilki: Wallahi ni ma haka aka yi min! Har sau nawa ya tsaya, kowace ƙofa sai ya waiwayo.

Malam Na Madina: Shi ya sa tun kafin ka shiga ake tambaya ko da kuɗin hanya a ciki. Akwai kuma jirgin ƙasa na TER da aka buɗe a ƙarshen 2021, tasharsa ta Dakar dab take da wurin hawa jirgin Gore.

Anti Bilki: Lokacin da na je a Diamniadio, wani gari kafin filin jirgin, yake tsayawa, daga can sai ka sake neman mota. Da akwatuna huɗu da tsohuwa?

Baban Husna: Nawa ya karɓa a hannunki, Hajiya Uwar Biyu? Ni 25,000 na biya, kuma ya sauke mu a otal ɗin da ba namu ba.

Uwar Biyu: 18,000, ban da kuɗin hanya.

Baban Husna: To a nan ma an cuce ni ke nan.