Bitamin D: likita ya ce sau ɗaya a mako, ni kuma na koma sha kullum

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Tunda na fara aiki a Victoria Island rabona da rana. Biyar na asuba nake barin Agege saboda gosulo, ofis ɗin gilashi ne a rufe ruf, ba na shigowa gida sai bayan isha'i. Ga yara, ga surukata ta zo daga Katsina wata uku ke nan, ita gani take lalaci ne ke damuna. Baya ciwo, ƙafafu ciwo, jiki kamar an yi min duka. Na yi gwajin jini aka ce bitamin D ɗina 14 ne. Likita ya rubuta min ƙwayar bitamin D mai 50,000 IU (IU shi ne ma'aunin bitamin ɗin) sau ɗaya a mako, na mako takwas. Da na yi sati biyu shiru, sai na koma sha kullum, yau kwana tara. Wai nawa ya kamata babba ya sha?

Alhajin Mile 12: Hajiya, a Legas ɗin nan za a ce rana ta yi wa mutum kaɗan? Shekara ashirin ina sauke tumatir ban taɓa haɗiyar wannan ƙwayar ba. Ki ajiye ta, ki riƙa shan hantsi ta tagar ofis, shi ke nan.

Anti Nas: Ƙanwata, ki dakatar da na kullum ɗin nan yau. Kwana tara 450,000 IU ke nan, ya zarce abin da aka rubuta miki na mako takwas gaba ɗaya. Mai lafiya 600 IU yake buƙata a rana, wanda ya haura 70 kuma 800, a Ingila ma 400 suke ba da shawara. Iyaka 4,000 ce sai in likita ya ce. Jiki tara bitamin D yake yi a kitse, in ya yi yawa sinadarin kalsiyam ya hau a jini: tashin zuciya, ƙishirwa, yawan fitsari, har tsakuwar ƙoda. Kuma 14 ɗin da wane ma'aunin gwaji aka rubuta, ng/mL ko nmol/L? Ana son a kai 20 ng/mL, wato 50 nmol/L. Alhaji, gilashi yana tare hasken da fata ke buƙata.

Alhajin Mile 12: Anti, lissafin Turawa ne wannan, su da ba su da rana. Kifin titus da ƙwai sun ishe ta.

Amaryar Idi-Araba: Ni uwar mijin ce ta tsaya min a rai. Tawa ma haka, ina kwance da zazzaɓi ta ce sakwara take so. Allah dai ya ba mu haƙuri.

Maman Biyu: Takardar gwajin tana ofis. Ba ganganci na yi ba fa, ku ba ku san yadda nake hawa danfo da wannan bayan ba. Kuma ni na ji sauƙi-sauƙi. Ƙishirwa kuwa zafin gari ne.

Anti Nas: Ƙishirwar ce ma ta ɗaga min hankali. Ki koma a auna miki kalsiyam, ki faɗa wa likitan gaskiyar abin da kika sha.

Alhajin Mile 12: Wani kuɗin gwajin kuma! Na dai faɗa.

Maman Biyu: To in na mayar da shi sau uku a mako fa? Sai ƙarshen wata zan samu fita daga ofis.