Jinyar zama da ƙwararre ga matasa masu ciwon damuwa: taƙaitawa

A tattaunawar da aka yi kan ko zaman magana da ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa yana taimaka wa irin waɗannan matasa, ga abin da baki ya zo ɗaya a kai:

1. Ga damuwa da fargaba, zama da ƙwararre yana aiki, musamman salon gyaran tunani da ɗabi'a: awa guda a mako, zama 8 zuwa 16. Inda ake samun cikas, yaro ya ɗan ji sauƙi bayan zama uku, sai iyaye su daina kai shi.
2. Mai jin muryoyin da wasu ba sa ji ko mai zancen kashe kansa, a garzaya da shi asibiti. Magana kaɗai ba ta isa.
3. A binciki shan tiramol, a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru yakan ɓuya bayan ciwon.

An rabu kan zaman iyaye cikin ɗakin, don wasu sun ce budurwa ba ta buɗe baki gaban mahaifinta. Ruƙiyya kuwa, galibi sun ce a haɗa, amma kada a yanke jinya.