Karta ba ta san fuskar kowa ba: musayar waƙa

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum. Yau kan 'yan poker za mu yi, kartar cacar nan ta Amurka da ake ba kowa biyu a hannu, a jera biyar a tsakiyar tebur. Ciwon da zan taɓo shi ne na gwanin da ke jin ci gadon gidansu ne tun ba a raba ba. Amsa-amonmu "wa" ne.

Ga gwani ya zo yana hura hanci,
Wai a teburin nan shi kaɗai ke da ci,
Ya haddace lissafi, ba shi da lalaci,
Karta kuwa ba ta san fuskar kowa.

An ba shi as biyu, ya gyara zama,
Ya tura kuɗinsa kaf, babu gardama,
Baƙo ya bi shi da hannu marar ƙima,
Ta ƙarshe ta faɗo, baƙo ke kwashewa.

Ya miƙe tsaye yana ta bambami,
Wai jahili ya cinye mai ilimi,
Har mai rabawa ya zama azzalumi,
Daga nan hankali ya soma gushewa.

Ɗan Lissafi:
Wa alaikumus salam, yayana. Ga waɗanda ba su san wasan ba: as biyu shi ne hannun da ya fi kowane ƙarfi a farkon rabo, kuma kusan sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. In ya kara da wasu tagwayen karta, cinsa bai wuce kashi 80 da 'yan kai cikin 100 ba.

Yaya, bari in shigo da ƙidaya,
As biyu sarki ne, babu jayayya,
Amma cikin biyar yakan faɗi ɗaya,
Wannan ɗayar ce gwani ke mancewa.

Kashi 80 ai ba 100 ba ne,
Ragowar 20 rabon wani ne,
In ya faɗo kanka ba zalunci ba ne,
Da shi tun farko aka yi ƙullawa.

'Yar Birni:
Ni fa ina da ja. Phil Hellmuth ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1989 yana ɗan shekara 24, ya kayar da Johnny Chan wanda ya ci ta 1987 da 1988. Munduwa ake ba wanda ya ci gasa a can.

Ku dakata, maza, ku saurare ni,
Hellmuth kaɗai a hujja ya ishe ni,
Ba wanda ya kai shi tsiwa da raini,
Munduwa 17 yake ta jerawa.

In jin isa yana kashe ɗan wasa,
Yaya aka yi wannan bai sha ƙasa?
Shi ne ya ce ba don sa'a ba, duk gasa
Shi kaɗai ne zai riƙa lashewa.

Mai Alƙalami:
Ƙanwata, kin ɗauko da nauyi,
Bakinsa wuta, hannunsa da sanyi,
Yakan zubar da karta in ya ga rauni ta yi,
Masu kwaikwayonsa bakin suke ɗaukowa.

Baba Tsoho:
Yara, kun tsaya kan ihun da ake nunawa a talabijin. Ɓarnar tana bayan ihun, lokacin da ya koma ya zauna.

Ya hau dokin zuciya, ba linzami,
Kartar da jiya zai yar, yau ta zama makami,
Wai sai ya rama, ya manta da ilimi,
Kowane rabo da shi ake shiga yanzu-yanzu, ba tsayawa.

Ya bar ƙaramin tebur ya nufi babba,
Wai bashi yake bi, sai an biya shi riba,
Dare ya raba, ido ja, bai tashi ba,
Kuɗin haya ma ya shiga zubawa.

Ga babbar wauta, ku ji ta da kyau,
Baƙon da ya cinye shi da sa'a yau,
Shi ne abincinsa gobe da jibi, ɗau-ɗau,
In ya bar shi ya ci gaba da kuskurewa.

Sai ya zage shi, ya koya masa darasi,
"Ba haka ake ba," har da dalla-dallar bayani na nasi,
Baƙo ko dai ya ji haushi ya tashi,
Ko ya gyara wasa, ya daina ɓatawa.

Sannan gwanin ya rufe littafinsa,
Me zai koya, tunda ya fi sa'o'insa?
Duk faɗuwa laifin sa'a ce, ba nasa,
Yara sun wuce shi yana ta tunƙahon daɗewa.

Ɗan Lissafi:
Baba, baitinka na uku shi ne maganar. Da mai rauni ba ya ci jefi-jefi, da bai dawo teburin ba. Doyle Brunson ya rufe babbar gasar 1976 da ta 1977 da kartar goma da ta biyu a hannu, kartar da gwanaye ke yarwa ba waiwaye. A 2003 kuma Chris Moneymaker, akanta daga jihar Tennessee, ya samu gurbi ta ƙaramar gasar intanet, ya doke Sam Farha, ya tafi da dala miliyan 2.5.

Akawu ya zo daga ofis ya ci,
Gwanaye suna ta cizon yatsa da ɓaci,
Cinsa ya jawo dubbai wurin farauci,
Gwanayen suka fi kowa morewa.

Malam Na-Zaure:
Na karanta duka, kuma hikima ta yi. Amma kada a tashi ba a faɗa ba: aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su.

Kuna ta gyaran halin ɗan caca,
Ya bar fushi, kada wasansa ya yi faca-faca,
Mai haƙurin da mai zafin duk a ƙaya guda suka taka,
Ni dai tashi nake ba su shawarar yowa.

Stu Ungar sau uku yana cin duniya,
1980, 1981, 1997, ba ƙarya,
A 1998 aka tsinci gawarsa shi ɗaya,
A ƙaramin otal, dukiya ta gama watsewa.

'Yar Birni:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin ba mai ja da shi. Sai dai Ungar hodar iblis da cacar wasanni da ta dawaki ne suka cinye shi, a teburin karta kuwa da wuya a ga bayansa. Shi maudu'i ne na daban. Yaya Mai Alƙalami kuma, baiti ɗaya ka ba ni ka gudu, ban sallame ka ba:

Ka ce hannun Hellmuth sanyi gare shi,
To wa ya auna abin da tsiwar ta hana shi?
Ko munduwa 20 ce ta wuce shi,
Ko ko tsiwar ce ke sa shi dagewa?